Yadda Ake Tsayar da Rago a Gaban Waya

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta kasuwar Shuwarin ranar Litinin ya san ba da ido kaɗai ake sayen rago ba. Mai saye zai ɗora tafin hannunsa a gadon bayan ragon ya danna, ya shafa haƙarƙari, ya matsa gindin wutsiya, ya cusa hannu a ƙarƙashin ƙirji ya ɗan ɗaga ya ji nauyi, sannan ya buɗe masa baki ya duba haƙora. Sai ya gama duk wannan zai ɗago kai ya dubi dillali ya ce, "Nawa?" Haka ake yi a Gujungu ranar Lahadi, haka ake yi a Maigatari ranar Alhamis, can bakin iyakar Nijar. Hannu ne ke ciniki, baki sallamawa kawai yake yi.

To yanzu ga mai saye a ofis a Abuja, ga wani a shago a Legas, ga ɗan Dutse da aiki ya kai Fatakwal yana son a kai wa mahaifiyarsa ragon layya. Hannunsu ba zai kai Shuwarin ba. Abin da zai iso gare su hoto ne a WhatsApp ko Facebook, sai ɗan gajeren bidiyo. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma gaskiya suka faɗa. Sana'ar da nake son in ba da labarinta ita ce ta sauko da birin nan ƙasa, wato a sa hoto ya yi wa mutum aikin da tafin hannunsa zai yi masa da yana tsaye a kara.

Na ga yadda ake yin ta a wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa, saura mako biyu Babbar Sallah. Mai yin ta matashi ne da ya tashi a gidan kiwo, ya san rago tun kafin ya san waya. Maƙwabta kan ba shi dabbobinsu ya tallata, idan an sayar ya karɓi la'ada kamar kowane dillali. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: waya ƙirar Tecno, tsumma mai laushi, bokiti da sabulu, burushi, igiya, kwanon dusa, tef irin na tela, farar takarda da alƙalami mai kauri. Sai ƙanensa, wanda in babu shi aikin ba ya yiwuwa.

Hoton da za a ɗauka da safe, tun jiya da la'asar aka fara shi. A lokacin ake wanke ragon, a goge masa ƙafafu da ƙarƙashin wutsiya, a datse kofaton da ya zarce. Na tambaye shi me ya sa ba za a bari sai da safe ba. Ya ce, "Malam, jiƙaƙƙen rago ramamme ne. Gashin yakan manne a jiki, duk ƙashin da ke ciki sai ya fito." Don haka ake barinsa ya bushe, a ɗaure shi ya kwana a kan busasshen yashi, kada ya wayi gari da kashi a cinya. Abinci kuwa, abin da ya saba ci ake ba shi: harawa, ƙowa, dusa. Akwai masu ɗura wa dabba kanwa da ruwa don cikinta ya kumbura kafin a kai ta kasuwa. A hoto wannan ba ya ɓoyuwa ga wanda ya sani, domin kumburin ciki daban, cikar gadon baya daban. Nama a saman ƙashin baya da cinyoyi yake zama.

Washegari muka fito bayan an idar da asuba, muka jira rana ta ɗan ɗago. Lokacin da yake so gajere ne, daga wajen ƙarfe bakwai zuwa tara, in ya wuce sai kuma bayan la'asar. Dalilin a bayyane yake idan mutum ya lura. A ƙasarmu rana takan hau tsakar ka sosai, musamman daga bazara zuwa farkon damina, inda layya ta faɗo a shekarun nan. Hasken da ke zubowa daga sama yakan ƙone bayan farin rago ya zama fari fat babu siffa, ya bar ciki da ƙafafu a baƙar inuwa, idanu su zama ramuka. Hasken safe kuwa a kwance yake zuwa. Yana bin jikin dabbar daga gefe, ya fito da kowane tudu da kowane kwari, har mai kallo ya ga inda tsoka ta cika da inda ta kasa. Shi ne abin da ya fi kusa da shafawar hannu. Ranar a bayan mai hoto take tsayawa, amma ba daidai ƙeyarsa ba, kada inuwarsa ta faɗa kan ragon. Yakan bar ta ta bayan kafaɗarsa ɗaya.

Sai zaɓen wuri, wanda ya ɗauke shi lokaci fiye da yadda na zata. Ragon farko Balami ne, irin manyan nan farare tas masu dogon kunne da gantsararren hanci. Ya kai shi gaban jar katangar ƙasa, domin fari a kan ja yake fita. Da an tsayar da shi gaban farin bango ko sararin sama, da layin bayansa ya narke ya ɓace. Ya sa ƙanen ya kawar da turmi, ya ɗauke tsohuwar taya da wani buhu, ya share ƙasa. Ya kuma matsar da ragon taku biyu, saboda wani turke da ke can baya wanda a hoto zai fito kamar daga tsakiyar bayan ragon ya tsiro. Ido ba ya ganin irin wannan sai an koya masa, don idon mutum ya saba tace abin da bai dame shi ba, ita kuwa kyamara duk abin da ke gabanta kwashewa take yi. Ƙasar wurin tana da ɗan gangare kaɗan, sai ya juya ragon ƙafafun gaba suka hau tudun. Idan gaba ya gangara, dabba takan fito kamar mai shirin durƙushewa.

Kafin ya ɗaga wayar sai da ya goge idon kyamarar da tsumman nan. Wayar da ke kwana a aljihu, tana shan gumi da ƙura, hotonta kullum kamar an ɗauka cikin hazo yake fitowa, mai ita kuma ya yi ta zargin waya.

Daga nan ya ja baya kamar taku biyar ko shida, ya tsuguna har wayar ta zo daidai tsakiyar haƙarƙarin ragon, ya ɗan jawo hoton kusa da yatsu biyu. Waɗannan abubuwa biyu, nisa da tsayi, su ne zuciyar aikin. Kyamarar waya mai faɗin gani ce, an ƙera ta don ta kwashi ɗaki guda ko taron biki, shi ya sa duk abin da ya fi kusa da ita takan kumbura shi, na nesa ta ƙanƙantar. Ka matsa kusa da rago ta wajen kai, za ka samu ƙaton kai da ƙaho a kan ɗan ƙaramin jiki. Ka ja baya, sai sassan jikin su koma daidai yadda Allah ya yi su. Tsayi ma haka. Wanda ya ɗauka a tsaye, yana kallon dabbar daga sama, ya gajarta mata ƙafafu ya mai da ita 'yar ƙarama, ya cuci mai kiwo. Wanda ya kwanta a ƙasa ya ɗauko daga ƙarƙashi ya mai da ɗan rago kamar maraƙi, ya cuci mai saye. Gaskiyar tana tsakiya, daidai haƙarƙari, kuma sai an lanƙwasa gwiwa ake samunta.

Tsayar da ragon shi ne abin da ya fi burge ni. Tunkiya dabbar garke ce, idan aka ware ta ita kaɗai hankalinta tashi yake yi, ta yi ta kuka tana fizgar igiya. Don haka ya sa aka ɗaure wata tunkiya a kusa, inda ragon zai gan ta amma kyamara ba za ta kama ta ba. Nan take ya natsu. Idanun tumaki a gefen kai suke, suna ganin kusan duk abin da ke kewaye da su in ban da ɗan wurin da ke daidai bayansu, kuma motsin ba-zata daga nan ne ke firgita su. Ƙanen bai taɓa zuwa ta baya ba. Idan yana son ragon ya ɗan matsa gaba, sai ya tsaya a gefe ta bayan kafaɗarsa. Idan yana son ya ja baya, sai ya dawo ta gaban kafaɗar. Babu duka, babu tsawa. Makiyaya sun san wannan tun tale-tale, kafin masana irin su Temple Grandin ta Amurka su rubuta shi a littafi.

Ƙafafu huɗun duka dole su fito, kowace a rarrabe. Ta baya da ke kusa da kyamara ake so ta ɗan ja baya, ta can ɓangaren ta ɗan shigo gaba, don a ga abin da ke tsakani: maraina idan namiji ne, hantsa idan mace ce. Mai sayen ragon kiwo ko akuyar nono nan zai fara duba. Ƙanen yakan durƙusa ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali ya ajiye ta inda ake so, ragon ya mayar, ya sake ɗagawa, ragon ya sake mayarwa. Sau huɗu na ƙirga. A na biyar ta zauna. Sai yaron ya saki igiyar ta yi sako-sako, domin igiyar da aka ja takan lanƙwasa wuya ta nuna dabbar a takure, ya koma gaba ya girgiza kwanon dusa. Ragon ya ɗaga kai, ya miƙe wuya, ya zuba wa kwanon ido. Tsayuwar ba ta wuce daƙiƙa biyu ba, kuma a cikinta aka ɗauki hoton. Kafin nan mai hoton ya riga ya taɓa jikin ragon a fuskar wayar don kyamarar ta san inda za ta kafa ido, ya ja 'yar alamar ranar nan ƙasa kaɗan don rage haske, har gashin ya fito ɗaya-ɗaya. Ya ɗauki hotuna sun kai talatin na wannan gefe, ya bar biyu.

Wannan hoton gefe ne kawai, kuma gefe ɗaya. Sai an juya ragon an ɗauki ɗaya gefen, don mai saye kada ya yi tunanin akwai abin da ake ɓoye masa. Sai na baya, inda faɗin ƙugu da cikar cinyoyi ke bayyana, wanda mahauta suka fi kulawa da shi. Sai na gaba a ɗan karkace, mai nuna faɗin ƙirji da murɗin ƙaho.

Sannan aka zo kan baki. Ƙanen ya rungumi wuyan ragon, ya sa babban yatsa ya janye leɓen ƙasa, mai hoton ya matso kusa sosai ya ɗauka. Tumaki da awaki da shanu ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri kawai. A ƙasa guda takwas ne. Na yarinta ƙanana ne, kuma sukan famfare bibbiyu daga tsakiya, manya masu faɗi su maye gurbinsu. A tunkiya biyun farko sukan fito tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, daga nan a ci gaba da sauyawa har baki ya cika wajen shekara huɗu. A saniya biyun farko sai wajen shekara biyu. Hoton nan ba shi da kyan gani, amma shi ne takardar haihuwar dabba, kuma babu wanda ya isa ya yi mata gyara. Ga mai layya magana ce ta ibada, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi rago sai ya cika shekara, sa sai ya cika uku ya shiga ta huɗu, raƙumi sai ya cika biyar.

A nan na gane cewa jerin hotunan da yake ɗauka littafin fiƙihu yake bi, ko ya sani ko bai sani ba. Aibobi huɗu da hadisi ya ambata masu hana layya su ne makantar ido ɗaya bayyananniya, ciwo bayyananne, gurgunta bayyananniya, da ramar da ta cinye ɓargo. Malamanmu sun yi bayanin kunnen da aka yanke ko ya tsage fiye da sulusi, da karyayyen ƙahon da bai warke ba yana jini. To ga shi yana ɗaukar ido na dama da na hagu, yana jan fatar idon ƙasa don a ga cikinta ja ne, saboda idan ta yi fari alamar ƙarancin jini ce, sau da yawa tsutsar ciki ke jawo shi. Ga hanci, a ga babu majina. Ga kunnuwa biyu a shimfiɗe a tafin hannu. Gurgunta kuwa hoto ba ya nuna ta, sai bidiyo: ƙanen ya ja ragon ya wuce ta gaban kyamara, ya tafi da shi nesa a ga takunsa ta baya, ya juyo da shi a gan shi ta gaba, duk a ɗauka ɗaya ba tare da an yanke ba. A ƙarshen bidiyon yaron ya danna gadon bayan da tafin hannu, a ga yatsunsa sun nutse cikin nama ba su ci karo da ƙashi ba. Hannun mai saye ke nan, an ara masa.

Rago na biyu Uda ne, rabin gaba baƙi rabin baya fari, mallakin wata dattijuwa da ta shekara tana kiwonsa. Uda yana wahalar da kyamara, don idan ta bi farin sai baƙin ya dushe, idan ta bi baƙin sai farin ya ƙone. Ya kai shi inuwar wata darbejiya inda haske ya lafa, ya daidaita a kan farin, ya juya kan ragon ya fuskanci wajen da haske ke shigowa. A cinyar ragon akwai tsohon tabo, inda wayar ƙarfe ta taɓa yankarsa, ya warke gashi bai gama rufewa ba. Mai hoton ya matsa ya ɗauke shi shi kaɗai.

Dattijuwar ta ce, "Kai ɗan nan, har wannan ma sai ka nuna wa duniya?"

Ya ce, "Inna, in ban nuna yau ba, zai gani ranar da aka sauke shi daga mota. Ranar kuwa ba na kusa balle in yi masa bayani."

Ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta ce Allah ya kawo mai rabo.

Ina ganin yana da gaskiya, ta fuskar addini da ta kasuwa duka. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, da sharaɗin idan ya iso ya dace da yadda aka siffanta shi. Hoto siffantawa ce. Shari'a ta hana a bar nono ya taru a hantsar dabba kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, kuma wanda ya karkata kyamara don ya kumbura rago, ni a ganina, hanyar ya bi. Jarabar ta daɗe a duniya. A Ingila, shekaru ɗari biyu da suka wuce, attajiran manoma sukan sa masu zane su zana musu shanu da tumaki da jiki kamar akwati, ɗan ƙaramin kai da siraran ƙafafu, don a yaba kiwonsu. Yau waya na yin wannan cikin ƙiftawar ido: akwai manhajojin da ke ƙara haske, su goge tabo, su faɗaɗa ƙirji. Matashin nan ba ya taɓa su. Idan zai nuna girman rago, shi da kansa yake tsayawa daidai kafaɗarsa, ba ya sa ƙaramin yaro, ba ya kuma ja baya don ragon ya rinjaye shi a hoto. Ya zagaya tef a ƙirjin dabbar, daidai bayan ƙafafun gaba, ya ɗauki hoton lambar. Wanda ya saba zai ƙiyasta nauyi daga nan.

Sauran dabbobi kowace da halinta. Jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turawa, ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai a rataya mata ganye daidai tsayin kanta a jira. Kyanta a sheƙin gashi yake, kuma hasken yamma ne ke fito da shi. Sa kuwa ba a ja masa ƙafa. Bunaji ko Bokolo, mai shi ne zai tsaya a gabansa yana yi masa magana, mai hoto ya tsaya nesa a tsaye, tunda haƙarƙarin sa ya kai ƙirjin mutum, ya tabbata tozo da ƙarshen ƙaho da kofato duk sun shiga, bai yanke komai ba.

Da muka dawo bakin titi wajen ƙarfe goma, na ga wasu samari a kan benci a inuwa, ɗaya ya miƙa hannu daga zaune ya ɗauki hoton tumakin da ke ɗaure a rana, su biyar a cunkushe, rabin kan ɗaya a waje. Ya tura, ya mai da wayar aljihu, ya ci gaba da cewa bana babu kasuwa. Tumakin nan ba su da laifi, wata ma ta fi ragon dattijuwar nan cika. Wata shida wani ya yi yana yanko musu ciyawa.

Tura hoton ma da iliminsa. WhatsApp yakan matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, a matsewar nan haƙora da gashi sukan dushe, saboda haka yake zaɓar tura shi da cikakken ingancinsa ko da zai ci data. Ƙarƙashin hotunan yakan rubuta irin dabbar, haƙoran da ta sauya, awon ƙirji, abin da take ci, aibinta in akwai, da garin da take. Kuma tunda ɓarayin hoto sun yi yawa, masu kwashe hoton ragon wani su karɓi kuɗin mutane su kashe waya, ya samo maganinsu. Duk wanda ya nuna da gaske yake, sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a farar takardar nan, ya riƙe ta a jikin ragon ya sake ɗauka, ko ya kira shi ta bidiyo ya ce, "Alhaji, faɗi inda kake son gani."

Kafin azahar wani ya taya Udan daga Abuja, aka ce albarka, ya ƙara, aka je aka tambayi dattijuwar ta sallama. Kafin alƙalami ya shigo ta waya. Mai hoton ya aiki ƙanensa ya samo shuɗin fenti, ya rubuta harafin farko na sunan mai sayen a farin ƙugun ragon, ya ja baya taku biyar, ya goge idon kyamarar, ya tsuguna.